Kocin da Ba Ya Dafa Kafaɗa

Ranar da aka kawo mini Orest Demkiw, hannuwansa na fara gani, don su suka riga shi shigowa ɗaki. Shekararsa goma sha shida. Ubansa ya sauke shi daga motar gona da jaka ɗaya da sandunan wasan hoki na kan ƙanƙara guda biyu, ya ce mini yaron ba shi da fitina, ci kawai gare shi. Na ce ai cin shi ne fitinar. A garinmu, Harlan Lake, can arewacin Manitoba, duk yaron da ƙungiya ta ɗauko daga nesa gidan wani ake ajiye shi. Ni kuwa tun da maigidana ya rasu nake karɓar su ɗaya bayan ɗaya, in ciyar da su, in wanke safar da ko kare ba ya kusanta, su kuma su kira ni Baba Stefka, yadda ake kiran kowace tsohuwa a wajenmu, tun ma ban tsufa ba.

Ban taɓa riƙe yaro mai sanyin hali kamarsa ba. In ya yi karo da kujera sai ya ba ta haƙuri. Yakan share faranti uku na pirogi, dafaffen ƙullun fulawa mai cushe da dankali, ya wanke farantan, ya mayar da su inda ba a nan suke zama ba, in kwana biyu ina nema. Kuma ya iya wasa, wannan ne abin da kowa ya manta. Gudu dai ba shi da shi, in zai juya a kan ƙanƙara sai ka ce babbar mota ce ke neman kwana a lungu. Amma yana da ido. Yana ganin inda abokinsa zai nufa tun abokin bai yanke shawara ba, ya tura masa ƙwallo daidai bakin sanda.

Kocin wancan lokaci, wani jan mutum mai tauna sigari ba tare da ya kunna ba, bai ga idon ba. Faɗin kafaɗa ya gani.

Koci ba ya buɗe baki ya ce wa yaro je ka yi faɗa. In ya faɗa, hukumar wasa ta ci shi tara, fada ya ji labari a coci, uwar yaro ta bugo waya. Abin da yake yi, ya bi ta bayan benci kamar mai neman abin da ya yar, ya dafa kafaɗar mutum ɗaya, ya wuce abinsa. Wanda aka dafa ya tsallake katakon shinge ya shiga fili, ya je gefen ƙaton wancan ɓangare, ya tambaye shi cikin ladabi ko yana da sarari. In ya ce akwai, su zubar da safar hannu, su cakumi rigar juna, jama'a su miƙe tsaye. In an gama alƙalin wasa ya kai kowa akurkin horo ya zauna minti biyar yana tofar da jini, koci kuma ya ware hannuwa ya ce shi bai aiki kowa ba.

Ba a yi nisa da shiga sanyi ba aka dafa Orest. Naushi biyu ya yi, yaron mutane ya kwanta. Ranar ya dawo ya zauna gaban abinci bai taɓa ba, har na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne. Na ɗaure masa hannu da ledar wake daga firiza. Abin da ya tambaye ni kawai, ko ina ganin uwar yaron tana cikin 'yan kallo. Na ce in tana nan ma ai ta ga ɗanta ya kwanta da wuri, abin da ta daɗe tana fama da shi a kai. Bai yi dariya ba. Daga ranar babu wanda ya ƙara maganar idonsa.

Da ya kai ashirin ya tafi kudu neman abinci da sandarsa, ko in ce da dunƙulensa. Babban lig, wanda ake nunawa a talabijin, bai neme shi ba. Ƙananan ne suka yi ta miƙa wa juna shi kamar tayar safaya: Texas, Louisiana, Georgia, wuraren da ba su san ƙanƙara ba sai a cikin kofin lemo. Mutanen can ba su san dokar wasan ba, ba su kuma damu su sani ba, dambe suka zo kallo, hoki kuwa abin da ake yi ne kafin a fara. Ya sa riga mai hoton kada, ya sa mai hoton barkono, ya sa wata mai hoton kifi riƙe da bindiga. Wata ƙungiyar ta mutu suna tsakiyar hanya, direban bas ya sauke su a gidan mai ya juya. Rabin rayuwarsa a bas ya yi ta, gwiwoyinsa a haɓa.

Duk bazara yakan dawo wajena, don an sayar da gonar ubansa. Ya yanke mini ciyawa, ya yi wa shinge fenti, ni kuma in zauna in karanta fuskarsa in ga inda ya je. Wata shekara hancin ya karkata gabas, wata shekara wani bawan Allah ya taimaka ya mayar da shi yamma. Haƙoran gaba tuni suka koma kwana a kofi. Yatsunsa suka kumbura suka kanannaɗe kamar saiwar citta.

Sau ɗaya tak babban lig ya kira shi, lokacin da nasu ɗan damben ya karya hannu. Duk garin muka taru gaban talabijin a zauren coci, har da waɗanda ba su taɓa shiga coci ba. Muka yi ta leƙen ƙarshen benci muna ganin gefen kunnensa. Can tsakiyar wasa wani hannu mai agogon zinariya ya sauka a kafaɗarsa. Ya shiga, aka jefa ƙwallo, ya zubar da safa, aka daku, aka kai shi akurki. Kashegari aka sa shi a jirgi ya koma wajen masu kada. Ko taɓa ƙwallon bai yi ba. Da na tambaye shi yadda wurin yake, sai ya ce ƙanƙararsu tana da laushi, kuma tawul ɗinsu ɗumi gare shi.

Ni abin ya daɗe yana ci mini rai, don ba na son in zauna da abu ban san cikinsa ba. Mutumin da ke ɗauke gizo-gizo a takarda ya kai shi waje, yaya yake kwashe shekaru yana fasa fuskar 'ya'yan mutane? Wata bazara muna zaune a baranda muna ɓare wake, na tambaye shi kai tsaye ko daɗin abin yake ji.

"Baba, dukan ba komai ba ne," ya ce. "Jiran hannun ne. Kana zaune kana jin takun koci a bayanka, ba ka sani ba wucewa zai yi ko tsayawa. Kafin kowane wasa sai na yi amai."

Na ce to wa ya ɗaure shi, ya bari mana. Ya ce in ya bari, hokin ma ya bari ke nan, don ba wanda zai ba shi riga saboda wani abu daban. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a filin nan. Ya ce ɗan dambe ba a sa shi a fili in wasa ya zo ƙarshe kuma ana kunnen doki. A lokacin koci yana manta sunansa. Ya ce duk shekarun da ya yi, bai taɓa tsayawa a kan ƙanƙara ba a lokacin da wasan ke da muhimmanci, yana so ya san yadda take a lokacin. Na ce ƙanƙara ce, sanyi gare ta, ya ci gaba da ɓare wake kada dare ya yi mana.

A Louisiana ya samo Yvette, 'yar siririya mai baki kamar reza, shi ya sa muka shirya da ita nan da nan. Ta bi shi gari gari, tana kwance gado tana ɗaurawa, har ta daina fitar da kwanuka daga kwali. Da hannuwansa suka ƙi, ya ajiye wasa ya zama mataimakin koci, yawon bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Suna cikin haka Elmer Sigurdson, dillalin motoci kuma shugaban ƙungiyar garinmu, ya bugo masa waya ya ce ya dawo gida ya riƙe yara. Elmer ba don idon nan nasa ya kira shi ba shi ma. Kafin Orest ya iso, ya cika gari da hotonsa na dā, dunƙule a sama, jini a gira.

Yvette ta ga gida mai bene da ɗan lambu a baya, ta buɗe shagon gyaran gashi kusa da gidan waya, matan masu haƙar ma'adinai suka yi mata caa. A kicin ɗina, a gabana, ta gaya masa magana, don tana son a samu shaida.

"Orest, na rataye labule. Ka san ban taɓa rataye labule ba. In suka kore ka daga nan, ka tafi kai kaɗai, in ka dawo ka same ni."

Ya yi murmushi, ni ban yi ba, don na san mace in ta faɗi magana a kicin ɗin wata, ba ta janyewa. Kuma duk mun san in aikin nan ya kuɓuce ba shi da wani a garin. Kamfanin ma'adinai ba zai ɗauki mutumin da ba ya iya rufe yatsunsa a kan ƙotar guduma ba. Koci ne ko ba komai, garin kuma koci ɗaya yake ɗauka.

A shekarar yaron da ke kwana a tsohon ɗakin Orest shi ne Cornelius Klassen, muna ce masa Corny. Shekararsa ashirin, ta ƙarshe ke nan a wasan matasa, kuma shi ne ɗan damben ƙungiya. Iyayensa 'yan wata coci ne a kudu da ba su yarda a ɗaga hannu ko a kan ɓarawo ba. Uwarsa ba ta taɓa zuwa kallo ba, ta yi imani ɗanta mai raba faɗa ne, shi ya sa yake samun rauni. Da ya ji wanda za a kawo koci, murna ta hana shi zama. Ya ce yanzu zai koyi sana'a a wajen mai ita.

Kujerata a filin tana bayan benci daidai, gilashi ne kawai tsakanina da ƙeyar koci. Wasan farko na lura Orest ya zuba hannuwansa biyu a aljihun kwat. Na ce sanyi ne. Wasa na biyu haka, na uku haka. In zai canza 'yan wasa da baki yake kira, in zai nuna wuri da haɓa yake nunawa, in an ci ƙwallo kai yake gyaɗawa. Aka shiga tsakiyar hunturu, hannun nan bai fito ba, kafaɗar Corny kuwa ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Bai hana kowa ramawa ba in an tsokane shi. Aika ne ba ya yi, Corny kuma yaro ne mai biyayya, ba ya zuwa inda ba a aike shi ba.

Gari ya ɗauki magana. Wasu suka ce hannuwan rawa suke yi yana ɓoyewa. Wasu suka ce carbi yake ja. Matan shagon Yvette suka ce ita ta ɗinke hannun rigar da aljihun. Ni ba na cikin masu zato. Ranar da ya zo cin abincin rana ya rataye kwat ɗin a bayan ƙofa, na aike shi ɗauko mini tulun kabeji daga ɗakin ƙasa, na zura hannu a aljihun. Alewar na'ana'a ce kawai da wani tsohon maɓalli. Na sha ɗaya don kada wahalata ta tafi a banza.

Corny ya shiga damuwa. Ya zauna a teburina yana tambayata ko ya yi wa koci laifi ne, don masu neman 'yan wasa daga kudu suna zuwa, kuma ba wanda zai ɗauki ɗan damben da ba ya dambe. Na ce ya je ya tambayi mai aljihun. Ya je. Amsar da ya samu ita ce ya riƙa zuwa fili da sassafe kafin kowa. Na bi su wata safiya da sunan kai musu shayi. Na tarar da ƙattai biyu su kaɗai a kan ƙanƙara, babba yana koya wa ƙarami tafiya da baya, da yadda ake karɓar ƙwallo ba tare da ta yi tsalle ba, da inda ake tsayawa in mai gudu ya taho. Corny yana faɗuwa yana tashi kamar ɗan maraƙi. Orest yana cewa a sake. Na ce musu in da na san rawa ake koya da na zo da akodiyon ɗin marigayi maigidana in yi musu kiɗa.

Abin mamaki, yaron ya fara iyawa. Orest ya riƙa sa shi a tsakiyar wasa, a lokacin da kuskure ba ya kisa, ƙungiya kuma ba ta lalace ba, ana ci ana cinye mu kamar kullum. Amma kujeru suka fara zama wayam. Mutumin da ya wuni a ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutse, in ya fito yana son ya ga an fasa wani abu da ba shi zai kwashe ba. Elmer ya tare Orest a shagon kofi, gaban kowa, ya ce shi bai ɗauko Orest Demkiw don ya buɗe makarantar rawa ba. Ya ce abu biyu ne, ko kofin gasa ko dambe, ya kawo masa ɗaya kafin ƙanƙarar tafki ta narke, in ba haka ba ya nemi wani benci. Orest ya ce ya ji. Kafin la'asar labarin ya isa shagon Yvette, ta ci gaba da yanke gashin da take yankewa, sai dai matar ta fita da kai kamar na soja.

Muka lallaɓa muka kai wasannin kofi, muka haɗu da Brule Rapids, garin da muka tsana tun kakanni ba wanda ya tuna dalili. Aka yi ta ci ana ramawa har ya rage wasa ɗaya, wanda ya ci ya wuce, wanda aka ci ya rataye takalmi. Ranar Lahadi ce da rana, an taso daga coci kai tsaye aka cika filin, har kan matakala.

Ana tsakiyar wasa ƙatonsu ya sa gwiwar hannu ya daki yaronmu mai cin ƙwallaye a muƙamuƙi. Aka fitar da shi ƙafafu na jan ƙasa. Filin ya ɗauki sunan Corny, ana buga ƙafa har ƙura na zubowa daga rufi. Elmer ya sauko daga kujerarsa ya zo gefena yana dukan gilashi da tafin hannu, na ce ya yi a hankali, gilashin ya fi motocinsa ƙwari amma ba sosai ba. Ni dai idona na kan aljihu.

Hannun dama ya fito. Na gan shi da idona, kanannaɗaɗɗun yatsun nan a waje. Orest ya taka a hankali ta bayan benci har ya tsaya bayan Corny. Yaron bai waiwaya ba, amma kafaɗarsa ta ɗago da kanta tana neman hannun, kamar kyanwa in ta ji za a shafa ta. Orest ya tsaya yana kallon kafaɗar. Sai ya ɓare alewa ya jefa a baki, ya mayar da hannun inda ya fito, ya koma wurinsa. Ihun da aka yi masa ranar ko alƙalin wasa bai taɓa samun irinsa ba.

Wasa ya zo ƙarshe ana biyu da biyu. Yaranmu sun gaji, harshe a waje, ga mutum ɗaya babu. Saura kaɗan a tashi, Orest ya buɗe baki.

"Klassen, shiga. Wasa za ka yi."

Corny ya waiga hagu da dama ko akwai wani Klassen. Sannan ya tsallake katako.

Zan faɗi gaskiya don mutanen garin nan ba sa faɗa: ya yi kyau. Ƙatonsu ya matso ya yi masa tayi, bai ko kalle shi ba. Ya shiga lungu ya ƙwato ƙwallo, ya ɗaga kai, ya tura ta daidai bakin sandar abokinsa, aka kai hari, golansu ya tare da ƙyar. Sai suka juyo. Wani ɗan ƙaraminsu mai gudu kamar ɓera ya taho da ƙwallo, ba kowa gabansa sai Corny. Corny ya ja da baya yadda aka koya masa, ƙafa a daidai, ƙirji a daidai, ya jira lokacin da ya dace, ya miƙa sanda da hannu ɗaya zai zungure ƙwallon. Safar hannunsa ta zame ta fita, ta tafi da sandar. Muna kallo safa da sanda suka yi ta sulu su kaɗai har suka daki katako. Ɓeran ya kewaye shi ya zura ƙwallo a raga.

Safar ɗan dambe ba irin ta sauran ba ce. Yakan ɗauki wadda ta fi hannunsa girma, ya yanke igiyar wuyanta, ya cire soson ciki, yadda girgiza ɗaya za ta zubar da ita kafin abokin faɗa ya zubar da tasa. Da hannu biyu a kan sanda ba ta nuna hali. Ranar ce ta farko da Corny ya miƙe hannu ɗaya iya tsawonsa da dukan ƙarfinsa, safar kuwa ta yi aikin da aka gyara ta domin shi.

Ranar Litinin da hantsi Orest ya shigo kicin ɗina. Elmer ya riga ya kira shi ofis, ya sallame shi. Corny yana sama ya rufe ƙofa, ya ƙi cin abinci, abin da ya sa na san ciwon na gaske ne. Na zuba wa Orest miyar gwoza na zauna ina kallonsa. Na ce duk safiyar da suka kwashe suna rawa, ba wanda ya duba hannun yaron?

"Na duba, Baba," ya ce. "Kullum ina gani. Ni ma irinta na sa tun ina gidan nan. Na ɗauka haka safa take."

Na ce masa ƙaton banza, kai da kake ganin inda mutum zai je tun bai tafi ba. Ya ce haka ne. Ya ɗauki kwanon miya na biyu ya hau sama da shi, na ji yana gaya wa ƙofa cewa laifin nasa ne, tsayuwar Corny daidai ce, ko a babban lig haka ake tsayawa. Can bayan an jima ƙofar ta buɗe. Kwanon ya sauko a wanke, aka ajiye mini shi cikin kwabar kofuna.

Da ya sauko na yi masa tambayar da ta hana ni sakat. Na ce dafawa ɗaya fa, sau ɗaya tak, da Elmer ya samu jininsa, da ko an cinye mu aikinsa na nan, matarsa na nan. Yaron ma so yake yi. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zaro hannun, kuma da niyya ya zaro shi. Ya ce da ya tsaya ya ga kafaɗar ta ɗago, sai ya san abin da cikin yaron yake yi a lokacin, hannun kuma ya ƙi. Na ce to hannun ya kyauta, sai ya je ya yi wa Yvette bayani da kansa.

Corny ya koma gonar ubansa. Yana buga wa ƙungiyar manyan ƙauyensu a matsayin mai tsaron baya, da safa mai igiya, an ce har uwarsa tana zuwa kallo.

Orest ya yi bazarar yana buga waya. Da ganyen itatuwa ya fara yin ja, wani gari a Saskatchewan ya ce ya zo, tafiyar wuni guda a mota in hanya ta yi kyau. Mutane suka yi ta cewa Yvette za ta sauko, ai mace ce, faɗa kawai take yi. Ni na ce su jira. Ta wanke masa kaya ta goge, ta dafa masa shinkafa da wake irin na garinsu ta cika robobi, ta rubuta ranar da zai ci kowanne a murfi. Safiyar tafiyar ina leƙe ta tagata, don gidansu yana kallon nawa. Ya loda mota, ya tsaya a bakin ƙofa yana magana, tana girgiza kai. Ta gyara masa wuyan kwat, ta riƙe kanannaɗaɗɗen hannun nan da nata biyu ta daɗe. Sannan ya shiga mota shi kaɗai.

Yana can har yau, yana riƙe da yaran mutane, hannu a aljihu. Yakan zo Kirsimeti, ya zo in an sami hutu, ya yi bazara cur a gida yana yanke ciyawar gida biyu. Matan shago suna ce wa Yvette ta fi kowa dabara, miji na rabin shekara ba ya gundura. Tana dariya tare da su. Ni da nake ganin lokacin da take tsayawa a taga ranar da aka ce hanya ta rufe, ba na sa baki a wannan wasan.

Ranar da ya tafi ɗin, motar ba ta gama shan kwana ba ta tsallako titi ta shigo kicin ɗina ba sallama, ido jawur. Na tura mata kujera na ɗora ruwan shayi, ina shirin jin kuka. Sai ta ce in tashi in nuna mata yadda ake tayar da injin kwashe dusar ƙanƙara, don shi ne ke yi kullum, kuma rediyo ya ce za a fara zubowa cikin makon. Na ce ta sha shayin tukuna, injin ba ya tashi da fushi. Ta ce nata zai tashi. Muka fita gareji, na nuna mata inda ake zuba mai da igiyar da ake ja. Ta ja sau uku yana tari, a na huɗu ya kama.